Ranar Da Mama Afaf Ta Koma Kicin

Shafi na 17

Jama'a a yi min afuwa. Wata baiwar Allah ta turo min saƙo wai in ban saki shafin nan yau ba, jirgi za ta hau ta zo Iskandariyya ta zauna min a ƙofar gida. To 'yar uwa zauna inda kike, ga shi nan.

Ku kuma sababbin shigowa, ni ce Nirmin, autar Mama Afaf. Ciwon suga ya tafi da idon Mama. Tana zaune ita kaɗai a gidanmu na unguwar Muharram Bek, ni nake biyowa kullum in na tashi aiki in kawo mata abinci. Yayana Midhat ya rantse sai ya ɗauke ta ya kai ta wurinsa a Alƙahira. Ranar Juma'a bayan masallaci ya iso.

*

Da akwati ya shigo. Babba, baƙi, babu komai a ciki.

Ya ajiye shi a tsakiyar falo, ya sunkuya ya sumbaci hannun Mama.

"Me kake ja a ƙasa haka mai ƙara?" ta ce.

"Akwati ne, Mama."

"Tsaraba?"

"Na zuba kayanki ne."

Ta ɗan murmusa, ta ci gaba da jan carbinta.

"To mayar da shi mota, kar ya tsare min hanya."

"Mama don Allah mu yi maganar nan kamar manya."

"Ai ni babba ce tun ba a haife ka ba."

Na danne dariyata. Ya watsa min harara.

"Na gyara miki ɗaki. Na samo matar da za ta riƙa kula da ke."

"Kula da ni, ko gadina?"

"Mama!"

"Midhat, gidan nan ƙafata ta haddace shi. Na san inda kowace kusurwa take. In ka kai ni can, ajiye ni za ka yi a kujera kamar tukunyar fure, sai za a yi shara a ɗaga ni."

Ya juyo kaina.

"Ke ba za ki ce komai ba?"

"Ni me zan ce, Yaya? Ka san Mama."

"Ke dai bakin ganga ce. A waya ki ce ina da gaskiya, a gabanta ki zama kurma."

Ya tashi fuu ya nufi kicin, wai zai sha ruwa.

Muka ji ya buɗe firij. Sai kuma shiru.

"Nirmin!"

Na tashi na bi shi.

Yana tsaye, hannunsa ɗaya a cikin maikirowef, na'urar ɗumama abinci.

Kun tuna bayan gobarar da aka yi a kicin ɗin nan, shi ya sake gina shi. Ya sa aka kafe na'urar a cikin kabad, daidai ƙirjin mutum. Fuskarta baƙin gilashi ne sumul, babu wani maɓallin da hannu zai ji. Shi ya sa lokacin da idon Mama ya rufe, ya sa aka toshe gas amma ya bar ta. A cewarsa, ko Mama ta kwana tana shafawa ba za ta gane inda ake dannawa ba.

"Zo ki taɓa," ya ce.

Na sa hannu. Da ɗumi.

Ya nuna min kwano a gefe. Ragowar miyar ƙananan waken nan, adas, da na kawo jiya na sa a firij da hannuna.

"Wa ya ɗumama wannan?"

"Wallahi ban sani ba. Tare muka shigo da kai."

"Ba na ce komai za ta ci a zuba mata a kula ba?"

"Na zuba mana! Ga kular can."

"Wannan kuma mene ne?"

Na matso. A kan gilashin akwai 'yan ƙulu-ƙulu, ɗigon gam da ya bushe. Ɗaya a nan, biyu a can, wani dogo a ƙasa.

Kullum ina shiga kicin ɗin nan, ban taɓa lura ba.

"Ke kika yi."

"Ba ni ba ce!"

"So kike ki kashe ta?"

"Ka daina yi wa yarinya ihu."

Muka waiwaya. Mama ce a bakin ƙofa, tafin hannunta a jikin bango.

"Ni na ɗumama miyata. Na kuma sha, ta yi daɗi. Gishiri ne dai ya ɗan yi kaɗan, Nirmin."

Yaya ya yi wata irin dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ke kika ɗumama."

"Ni."

"Da wane idon?"

Kalmar na fita ya so ya kamo ta. Na ga haka a fuskarsa.

Mama ba ta ko girgiza ba.

"Matsa min hanya in nuna maka da wane."

Ta shigo. Ba lalube take ba. Tafiya take irin ta mai gida.

Ta buɗe kabad ɗin hagu, ta ɗauko kofi, ta ƙwanƙwasa shi da farce kusa da kunnenta.

"Gilashi. Ƙarfe ba ya shiga nan, ko na cokalin shayi. Farantan aurena masu zoben zinare kuwa an kai su can sama, inda ko na yi ɗage hannuna ba ya kaiwa."

"Wa ya kai su?"

"Shayi za ka sha, ko ɗan sanda ka zama?"

Ta tara kofin a famfo, ta sa yatsa a bakinsa. Ruwa na taɓa yatsan ta kashe.

Ta zaro wani ɗan siririn cokalin katako ta tsoma a ciki.

"Wannan kuma na mene ne?" na tambaya.

"Ruwa a cikin abin nan munafuki ne. Zai yi zafi har ya wuce tafasa, ya yi lamo kamar mutumin kirki. Kina jefa masa ganyen shayi ya yi tsalle ya kama miki fuska. In da katako a ciki, a fili yake tafasarsa."

Kafin ta sa kofin, sai da ta miƙa hannu sama ta shafa ramukan iskar da ke saman na'urar.

"Nirmin."

"Na'am Mama."

"Tawul ɗin da kike rataya min a nan na cire shi. Ta nan take numfashi. Ke a toshe miki hanci za ki ji daɗi?"

Kunya ta kama ni.

Ta bi bakin ƙofar na'urar da yatsa, ta ji babu maiƙo, babu ɓurɓushi. Ta sa kofin a tsakiya, ta tura ƙofar sai da ta ji ƙas. Yatsanta ya sauka kan ɗigo biyun nan kamar an aike shi.

Na'urar ta ɗauki gurnani.

Mama ta harɗe hannu ta tsaya.

"Ba a kunna ta a tafi. Ko waya ce ta yi ƙara, ta jira. Ba a kunna ta babu komai a ciki. Ƙwai da ɓawonsa ba ya shiga, sai dai in mutum na sha'awar goge bango."

Ƙararrawa ta buga. Yaya ya kai hannu.

Ta make shi. Daidai bayan hannun, wallahi, kamar tana gani.

"Gaggawar me kake? Bar shi ya huce fushinsa."

Ta ɗan jinkirta, sannan ta koma gefe ta buɗe. Ta naɗe hannu da tsumma, ta sauko da kofin zuwa kan dakalin da ke ƙasa, nesa da jikinta. Ta zuba ganye, ta sa na'ana'a, ta sa masa sukari yadda yake so tun yana yaro.

"Ungo."

Ni fa hawaye nake. Matar da muke ba wa abinci a hannu kamar jaririya. Matar da na ɗauka in ban zo ba haka za ta wuni da yunwa.

Yaya ya karɓi kofin. Bai sha ba.

"Wa ke shigowa gidan nan?"

"Sha shayinka."

"Mama, wa ya koya miki?"

"Wanda Allah ya turo min."

Ya dire kofin.

"To na ji. Na gani. Ranar lafiya ke nan. Ranar da abu ya ɓaci fa? Ko soket ɗinta ba a gani, yana can bayan kabad. In wuta ta tashi me za ki cire? Na taɓa ganin kicin ɗin nan yana ci da wuta, Mama. Ba zan sake gani ba. Yau za mu tafi."

"Ba inda za ni."

"Za ki."

Na ga abin zai yi nisa. Ni kuma a gidanmu na san abu ɗaya ne ke kashe rigima.

"Ku tsaya mu ci abinci tukuna. Yaya, ba hawawshi ka sayo a hanya ba? Bari in ɗumama."

Gurasar nan ce da ake cusa wa niƙaƙƙen nama a gasa. Tana naɗe cikin takarda. Hankalina na kan su biyun, na ɗauka yadda take na jefa a na'urar, na danna.

Ashe ƙarƙashin takardar akwai wannan mai ƙyallin ta alminiyom.

Tas! Tas-tas-tas!

Shuɗin tartsatsi ya cika cikin gilashin. Kafin in ce me, takardar ta kama.

Na ƙwalla ƙara.

Yaya ya yi wuf ya kai hannu ga ƙofar.

"KAR KA BUƊE!"

Tunda nake ban taɓa jin muryar Mama haka ba. Ya ƙame.

Ta ture ni gefe, ta danna dogon ɗigon nan na ƙasa. Gurnanin ya tsaya. Wutar na nan tana ci a ciki.

Ta juya, hannunta na bin bango har bayan ƙofar kicin, inda akwatin makunnan gidan yake. Jikin ɗaya daga ciki an ɗaura zare mai kauri. Ta kamo zaren, ta bi shi, ta ja makunnin ƙasa.

Ɗif.

"Ruwa! Mu watsa ruwa!" in ji Yaya.

"Ba ruwa, ba buɗewa. Iska take nema. Hana ta, za ta mutu da kanta. Nirmin, zama idona. Me kike gani?"

"Tana ci, Mama!"

"Girma take ko raguwa?"

"Ta... tana raguwa."

"In ta fito waje mu ma waje za mu yi, mu ja ƙofa mu kira 'yan kwana-kwana. Yanzu fa?"

"Saura kaɗan."

"Yanzu?"

"Ta mutu. Hayaƙi ne kawai."

"Buɗe taga. Ita kuma a bar ta a rufe."

Na buɗe tagar, iskar teku ta shigo. Na jingina da firij.

"Mama ki yafe min, wallahi ban duba ba..."

"Ai kin duba yanzu."

Yaya na tsaye yana kallon zaren nan na jikin makunni. Ya daɗe yana kallonsa.

Na juya wurin Mama. Na jawo mata kujera ta zauna.

"Wannan ƙarar," ta ce a hankali. "Tas-tas ɗin nan. Na san ta."

Ta juya wajen Yaya.

"Midhat, zauna."

"Ina jin ki a haka."

"Na ce ka zauna. Abin da zan faɗa ba a jin sa a tsaye."

Ya zauna a kan ɗan bencin da muke hawa mu ɗauko kaya.

"Ranar waccan gobarar, wa aka ce maka ya sa tire a tsohuwar na'urar?"

Fuskarsa ta ɗaure.

"Kar ki kawo min sunanta."

Rabab yake nufi, matarsa ta da. A gidan nan suka zauna da Mama. Waccan gobarar ta cinye kicin, ta haura ɗan ɗakin da muka adana kayan marigayi Babanmu, littattafansa da hotunansa, ko ɗaya ba a fitar ba. Rabab ta ce ita ta manta ta sa tire mai takardar alminiyom. Yaya ya ce mata ta kusa kashe masa uwa. Daga nan zama bai sake daɗi ba, har ta koma gidansu, ya bi ta da saki.

"Ba ita ba ce," in ji Mama.

"Me?"

"Ni ce."

"Mama, kar ki kare ta don ta..."

"Rufe min baki in gama. Idona ya riga ya fara tafiya a lokacin. Dishi-dishi nake gani. Na ɓoye muku."

"Don me?"

"Don abin da kake yi yau. Na san kana ji za ka fitar da ni daga kicin, ka zaunar da ni."

Mama ta ci gaba.

"Ban ga takardar ba. Na kunna na tafi alwala. Da na dawo na ji ƙarar nan, sai na buɗe ƙofar. Wutar ta yi tsalle ta kama labule, ta kama mayafina. Rabab ce ta shigo ta cikin hayaƙi ta fizge mayafin da hannunta, ta ja ni waje."

"Ƙunar hannunta..." na ce.

"Ta mayafina ce."

Mama ta goge fuska da gefen ɗankwalinta.

"Muna zaune a matakala ana kashe wutar, ta ce min, 'Mama, ba kya gani ko?' Ita kaɗai ta gane a gidan nan. Ku da na haifa ba ku gane ba. Na kama ƙafarta na ce ta rufa min asiri."

"Ta kuma rufa," in ji Yaya. Muryarsa kamar ba tasa ba.

"Ta rufa."

"Na zage ta a gabanki."

"Ina zaune."

"Na ce mata ba ta da hankali. Na ce ta kashe min Babana karo na biyu."

"Ina ji."

"Ba ki ce komai ba!"

"Ban ce ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Har ta haɗa kayanta."

Ya miƙe, ya kai bango, ya dawo. Ya dafe kansa da hannu biyu.

"Ita ma me ya hana ta faɗa? Ko a gaban alƙali? Ko a gaban ubanta?"

"Na tambaye ta. Ta ce alƙawari ta yi wa tsohuwa, ba ta ce sai in da daɗi ba."

Na matso kusa da Mama.

"Kin tambaye ta?" na ce. "Yaushe?"

"Ranar da yayanki ya sa aka toshe gas. Kun tafi kun bar ni da kula. Na zauna a nan, ko ruwan shayi ba ni da ikon dafawa a gidana. Na ce Afaf, hakkin yarinyar nan ne. Na lalubo waya, lambarta na kaina. Na ce mata ba komai nake nema ba, gafara kawai."

"Me ta ce?"

"Ta ce, 'Mama kin ci abinci?'"

Nan kuka ya ƙwace min.

"Washegari da safe sai ga ta da kwalbar gam a jaka. Ashe tun da ta bar gidan nan ta je ta koyi aikin. A cibiyar makafi take yanzu, tana koya wa irina yadda za su yi wa kansu komai. Ita ta ɗiga min waɗannan. Ita ta ɗaura zaren can. Ta sa na yi ta zuwa wurin makunnin nan ina dawowa har na ce mata ke ko sojan Fir'auna sai haka."

Ta yi 'yar dariya cikin hawaye.

"Ba ta taɓa riƙe min hannu ta danna ba. Sai ta koma gefe ta ce, 'Nemo da kanki, Mama, ba kullum ina nan ba.' In na yi kuskure ta ce a sake. In na yi daidai ta yi min guɗa, har maƙwabta suka ɗauka biki ake."

"Kullum take zuwa?" in ji Yaya.

"Kafin ta wuce aiki. Ranar Juma'a kuma da la'asar."

Ni da shi muka kalli agogon bango a tare.

Ba mu sauke ido ba muka ji makulli na juyawa a ƙofar falo.

"Assalamu alaikum. Mama, na samo miki kifin nan da kike..."

Maganar ta yanke. Muka ji leda ta faɗi ƙasa.

"Hayaƙi! Mama!"

Da gudu ta shigo. Ta wuce Yaya kamar ginshiƙi ne, ta durƙusa gaban Mama, ta kama hannayenta tana juyawa, ta shafa fuskarta, ta duba mayafinta.

"Kin ƙone? Ina ne? Nuna min."

"Ko gashina ɗaya."

"Kin buɗe?"

"Ban buɗe ba."

"Makunni fa?"

"Je ki duba."

Rabab ta waiwaya ta ga makunnin a ƙasa. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta kifa goshinta a gwiwar Mama.

"Allah ya yi miki albarka, Mama. Kai, Allah ya yi miki albarka."

"Ji ta. Uwa ce ke sa wa 'ya albarka, ko 'ya ce ke sa wa uwa?"

"Yau dai ɗaliba ce da malamarta. Kar a sake kunna ta fa sai mai gyara ya zo ya duba. Wa ya sa mata takarda?"

"Ni ce, Anti Rabab," na ce.

Ta ɗago ta gan ni. Ta yi murmushi.

Sannan ta ga wanda ke bayana.

Murmushin ya ɗauke. Ta miƙe a hankali, ta ja hannun rigarta ya rufe tabon.

"Ban san da baƙi ba. Zan dawo gobe."

"Rabab," in ji Yaya.

Ba ta kalle shi ba.

"Mama ta faɗa min."

Ta juya ga Mama da sauri.

"Mama, me ya sa?"

"Na gaji da ɗaukarsa, 'yata."

"Rabab, ni ban san da wane baki zan..."

"Ba sai ka nemo baki ba, Babanka ya riga mu gidan gaskiya, kayansa kuma sun ƙone, zafin da ka ji na gaske ne. Ban riƙe ka ba."

"Ki bar ni in gyara."

"Ba wurinka na zo ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ta tsaya tana murza yatsunta. Mama ta karkata kai, irin yadda take yi in tana sauraron abin da ba a faɗa ba.

"Akwai magana a bakinki."

"Babu komai, Mama. Sai wani lokacin."

"Tun shigowarki na ji. Turaren da kika sa ba na zuwa wurin tsohuwa ba ne. Faɗi."

"A gabansu?"

"Yau ba a ɓoye komai a gidan nan."

Rabab ta sunkuyar da kai.

"Akwai wani malami a wurin aikinmu, Ustaz Wa'il. Matarsa ta rasu. Ya je ya ga Babana."

Na ji Yaya ya dafa dakali.

"Suna so a karanta Fatihar baiko ranar Alhamis."

"Mutumin kirki ne?" in ji Mama.

"Mutumin kirki ne."

"Ya san da tabon hannunki?"

"Ya gani. Bai tambaya ba."

"Kin amsa musu?"

"A'a."

"Me kike jira?"

Ta sake durƙusawa, ta kama hannun Mama.

"Kin san tawa uwar ta rasu. Na ce musu ina da wata a Muharram Bek. Abin da ta ce, shi zan yi."

Tarago ya wuce a titi, muna jin ƙararsa.

Yaya Midhat, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ya zube a ɗaya gefen kujerar. Ya kama ɗaya hannun.

"Mama."

Ya sake roƙonta.

"Mama, don Allah."

Na kalli Mama. Ɗanta a dama, Rabab a hagu. Idanunta a buɗe, suna kallon inda ba kowa.

Ta ɗan matse hannunsa. Sannan ta zare nata a hankali, ta bar ɗayan a hannun Rabab.

"Nirmin."

"Na'am, Mama."

"Kama yayanki ku fita. Ki ja mana ƙofa."

"Mama ki bari in..."

"Fita, Midhat."

Na kamo shi. Bai yi gardama ba. Na ja ƙofar.

Muka tsaya a waje ni da shi kamar baƙi a gidan ubanmu. Ya kafa kunne a jikin katako. Ni ma na kafa.

Muryar Mama ƙasa-ƙasa, ba ma jin kalma ko ɗaya.

Ta gama maganarta.

Sai muka ji Rabab ta fashe da kuka.